Usuman Majari da Alif Ɗinsa

Duk wanda ya zauna Hindawiyya kafin rusau ya san Usuman Majari. In bai san fuskarsa ba, to hancinsa ya san motarsa. Shekara talatin da huɗu yana tuƙa wayit, tankar nan da ke zuwa ta zuƙe bayyara, wato ramin masan gida, in ta cika, ta kai can bayan gari ta zubar. Majari a bakin mutanen Jidda ita ce hanyar ƙazanta, kuma da ita aka yi masa laƙabi don tsokana. Abin da ya ɗaure wa 'yan unguwa kai shi ne bawan Allahn nan bai taɓa jin haushin sunan ba. In aka ƙwala masa shi daga bakin shago, sai ya zuro hannu ta tagar mota yana murmushi, kai ka ce sarauta aka naɗa masa.

Yanzu ya haura saba'in, ciwon sukari ya ci idanunsa, sai haske da inuwa yake rarrabewa. Yana zaune a gidan ɗansa Mus'ab, wanda ke tuƙa wa wasu masu hali mota a Abhur. A ƙarƙashin gadonsa akwai akwatin ƙarfe, a cikin akwatin littattafan rubutu goma sha ɗaya, cike taf da rubutun hannunsa. Fim ne ya rubuta, guda ɗaya tak, shekara arba'in da 'yan kai yana fama da shi. Bai taɓa sa ran wani zai ɗauke shi da kyamara ba. Burinsa bai wuce a karanta masa shi da baki ba, daga farko har ƙarshe, ko sau ɗaya ne kafin a kai shi makwancinsa. To amma wa zai karanta? Da Hausa ya rubuta, da ajami, irin wanda ya koya a makarantar allo. Mus'ab ya taɓa gwadawa, bai kai ƙarshen shafi ba ya ce kansa na ciwo. Jikokin kuwa Jidda ta haife su, suna jin Hausa, amma in za su amsa Larabci ke riga su fitowa.

A Mai Wurno aka haife shi, bakin kogin Nilu, ƙasar Sudan. Yana ɗan shekara sha bakwai ya rako mahaifinsa aikin hajji, suka hau jirgin ruwa suka ƙetare Maliya. Tsohon ya sauke farali, sai zazzaɓi ya kama shi a Jidda suna jiran jirgin komawa. Kwana shida yana kwance, kuma duk kwanakin tambaya ɗaya yake maimaitawa, wai sun kuwa rufe ƙofar gida da za su taho? Usuman ya ce masa sun rufe, ko da yake wallahi bai tuna ba. Da aka binne tsohon, jirgi ya tafi ya bar Usuman, shi kuwa bai bi na gaba ba.

Ya yi dako a tashar jiragen ruwa, ya sayar da tsire tare da wasu Takari 'yan'uwansa, ya yi leburanci. Daga baya wani ya samo masa kafili mai motocin wayit, aka buga masa iƙama, aka damƙa masa tiyo. Kunyar aikin nan ta kusa kashe shi a watannin farko. Sabulu iri uku yake wanka da shi in ya taso, amma duk da haka in ya shiga masallaci sai ya zaɓi ƙarshen sahu, kusa da takalma. A lokacin ne yake neman Barakatu, kuma ya sani sarai abin da ake faɗa a gidansu in ya juya baya.

A wancan zamanin akwai silima a Hindawiyya, irin ta tsakar gida. Wani mutumin Jidda mai suna Thamer yana da faffaɗan fili da katanga ta kewaye. Ya shafa wa bango ɗaya farar ƙasa, ya jera benci, ya kafa majigi a kan tebur. Usuman ya fara da yayyafa ruwa a ƙasa don kwantar da ƙura da la'asar, a bar shi ya kalla kyauta. Kafin a daɗe ya iya zarga fim a inji, ya iya liƙe shi in ya tsinke. Takari 'yan'uwansa can baya suke zama, kusa da majigin, kuma tunda rubutun Larabcin da ke ƙasan hoto gudu yake kafin su haɗa baƙi, sai su yi ta zungurarsa suna tambaya me Baturen ya ce. Shi ma fa ba Turancin yake ji ba, ko kalma ɗaya. Sai ya duba fuskar mutum ya ƙirƙiro masa magana. Ya sa Amurkawa sun yi rantsuwa da kabarin kakansu, ya sa wata mai jan baki ta ce wa mijinta ba ta cin tuwon jiya. Aka yi ta dariya, ba wanda ya taɓa kama shi.

Cikin finafinan da ake juyawa akwai wani tsoho, baƙi da fari, na wani mai gyaran agogo a garin bakin teku, wanda kullum yake jiran wasiƙar da ba ta zuwa. Ƙanƙara ce ke sauka a fim ɗin, fara sol, sannu sannu, ba ta ko ƙara. Ka duba fa, Jidda, gumi na tsiyaya ta bayan wuya, iska ta tsaya cik, ga ƙanƙara na zuba a bangon Thamer. Sau goma sha huɗu Usuman ya haska fim ɗin. A wannan kam bai taɓa iya ƙirƙirar abin dariya ba, sai ya ce wa masu zungurarsa su yi shiru su kalla.

Wata rana da aka tayar da inji, sunaye na hawa bango, ya tambayi Thamer su wane ne waɗannan da ba a ganin fuskarsu. Thamer ya nuna da kofin shayin da ke hannunsa, ya ce wancan shi ke ba da umarni, wancan shi ke riƙe kyamara, wannan kuwa shi ne marubuci, duk abin da aka gani da duk abin da aka faɗa shi ya fara zama ya rubuta a takarda. Usuman ya yi tsaye baki buɗe. Shi duk a zatonsa mutanen cikin fim maganar ransu suke yi. Ashe har ƙanƙarar wani ne ya ce ta sauka. Ya tambaya wane irin mutum ne wannan marubucin.

"Wahid majari," in ji Thamer, ya kurɓi shayinsa.

Majigi na ta kwaramniya a tsakaninsu, shi kuwa Larabcin Usuman na tasha ne da kasuwa, majari ɗaya ya sani a duniya, wadda ya wuni yana zuƙa. Sai da ya dafa tebur. Wato wanda ya saukar da ƙanƙara a Hindawiyya ɗan kwasar masai ne irinsa? Bai ƙara tambaya ba, don kada Thamer ya ga abin da ya taru a idonsa.

Washegari ya ɗaga zaren fim ɗin a hasken rana, ya kwafi sunan harafi harafi kamar mai zanen hula, haruffa goma sha uku na boko da bai san karatunsu ba. Ya sayi littafi, ya zana su a bango. Daga ranar ya daina zaɓar ƙarshen sahu. Ya je gidan su Barakatu da farar riga ya faɗi sana'arsa da bakinsa, bai sunkuyar da kai ba, aka kuwa ba shi.

Bayan 'yan shekaru aka rufe silimun tsakar gida kaf. Thamer ya sayar da majigi, filin ya zama wurin ajiye tayoyi. Usuman ya tashi daga mai riƙe tiyo ya zama direba. A gabashin gari, inda ake zubarwa, motoci kan yi layi awa biyu, wani lokaci uku. Sauran direbobi su kwanta ƙarƙashin mota ko su buga karta, shi kuwa ya ɗora littafi a kan sitiyari ya yi ta rubutu. Bai san yadda ake tsara fim ba, abin da Thamer ya faɗa kawai ya riƙe, abin da aka gani da abin da aka faɗa. Labarin wani mutum ne da ya ciro ƙofar gidan ubansa daga Mai Wurno, ya ɗauko ta a ka, ya ƙetare ruwa da ita, yana yawo gari gari yana neman bangon da za ta shiga daidai.

In rubutu ya ƙi, sai ya juya wajen kujerar gefe ya yi shawara da marubucin nan, abokinsa. Haka yake kiransa, abokina. Ya riga ya yi masa kama tsaf, dogo ne, mai ɗan doro, da fensir a bayan kunne, hannunsa duk kanta saboda jan tiyo cikin sanyi. Yakan gan shi yana bin bayan tankarsa a titunan Amurka, ƙanƙara na sauka a hularsa, matan gida na toshe hanci suna rufe taga, shi kuwa yana murmushi don ya san abin da ke aljihunsa. Wani lokaci har zafin layin ya narke, gilashin mota ya koma farin bango, Usuman ya ga mai ƙofarsa na tafe a bakin teku. Sai na baya ya danna masa hon, ya farka ya ja mota gaba.

Barakatu ce kaɗai ta san abin da ke cikin littattafan. Da rana in yana gida, tana tsinkar ganyen mulukiya yana karanta mata. Ba ta raga masa ko kaɗan. Ta ce mai ƙofar nan wawa ne, me zai hana ya sayar da ita ya kama sana'a? Ta ce matar da ya haɗu da ita a littafi na huɗu ba haka mata ke magana ba, ya je ya sake. In ya dawo aiki takan tambaye shi ko abokinsa Bature ya aiko mata gaisuwa. Amma kowane littafi ya ƙare sai ta ce, to, ya samu bangon ko bai samu ba? Shi kuma ya ce ba a tambayar ƙarshen fim. Ta rasu yana tsakiyar na goma. Ya yi shekara biyu bai taɓa alƙalami ba, sannan ya ƙarasa na sha ɗaya da hancinsa kusan a manne da takarda, don idon ya riga ya fara tafiya. Ba a jima ba rusau ya iso unguwar, gidansu ya tafi, bangon Thamer ma ya tafi.

Wata Juma'a bayan an ci abincin rana, Lubna, babbar 'yar Mus'ab, mai karatu a jami'a, ta shigo share masa ɗaki ta jawo akwatin. Ita ce yake kira amarya, yana cewa ita zai aura in ta iya dama kunu, ita kuma tana ce masa Sidi, yadda 'yan Jidda ke kiran kaka. Ta ga haruffan boko iri ɗaya a bangon kowane littafi, ta tambaye shi. Daɗi ya kama tsoho, ya gyara zama ya ba ta labarin abokinsa tun daga kofin shayin Thamer. Yana cikin bayani ita kuwa ta ɗauki hoton sunan da waya, ta nemo shi. Ga shi kuwa ya fito, har da hoto. Ta karanta layin farko, ta sake karantawa, sai dariya ta ƙwace mata, irin wadda ba a iya riƙewa.

"Sidi, ba majaari ba ne, Majari ne," ta ce, tana jan na farkon tana datse na biyun. "Ya'ani mutumin Majar. Ƙasa ce a Turai, ita ce Hungari. Alif ɗaya ne bambancin."

Ya ce ta sake faɗa. Ta sake. Ya tambaya a hankali, wato bai taɓa riƙe tiyo ba? Ta ce ko kusa, ubansa ma mai kantin magani ne, shi kuma ɗan jarida ne kafin ya shiga fim. Ya tambayi kamarsa, ta ce gajere ne, mai tumbi, da tabarau. Sai a lokacin ta ɗago ta ga fuskar kakan nata, dariyar ta mutu a bakinta.

Kunya ce ta rufe shi, irin ta watannin farkon nan, har sai da ya ji kamar warin ya dawo jikinsa. Shekara arba'in yana ɗaga hannu in an kira shi Majari, yana ganin akwai abin da ya sani wanda 'yan unguwa ba su sani ba, ashe su ne da gaskiyarsu. Shekara da shekaru yana zaunar da mutum a kujerar gefe, mutumin da in da ya gan shi a hanya taga zai rufe. Ya ga littattafan nan goma sha ɗaya ba komai ba ne illa shirmen direban masai da bai ji Larabci da kyau ba. Ya juya ya fuskanci bango.

Da gari ya waye ya lalubo akwatin, ya ja shi da ƙafa har bakin ƙofa, ya ce wa Mus'ab in zai fita Abhur ya jefa masa wannan a kwandon shara na titi. Mus'ab mutum ne da ba ya musu da uba, ya ce halas, wato shi ke nan, ya ɗauka. A matakala Lubna ta tare shi, da ma ba ta samu sukuni ba tun jiya. Ta karɓe akwatin, ta hauro da shi tana nishi, ta dire a gaban gadon. Tsohon ya ji ƙarar ƙarfen ya gane, ya ce ta fitar masa da shi. Ta ce to, amma jiya layi biyu kawai na tarihin mutumin ta karanta masa, ya bari ta ƙarasa tukuna.

Kafin ya hana ta, ta ciro waya ta fara. Tana karantawa da Larabci tana juya masa da gurguwar Hausarta. An haifi mutumin a wani ƙaramin gari bakin kogi. Yana saurayi ya tafi babban birninsu, ya yi aikin jarida, ya rubuta wasannin dandali. Da yaƙi ya matso sai ya hau jirgin ruwa da akwati ɗaya, da niyyar ya yi shekara ya dawo. Ya sauka Amurka ba ya jin Turanci. A gidan silima ya koya, yana zama can baya yana kallon bakin 'yan wasa. Masu kamfanin suka ce sunansa na karya harshe, suka datse shi. Fim ashirin da uku ya rubuta, a wasu ma ba a sa sunansa ba. Har ya tsufa in zai yi rubutu sai ya fara da harshen uwarsa sannan ya juya. Bai taɓa komawa ba. Da ya tambaya daga baya, aka ce masa unguwar da aka haife shi babu ita.

Usuman ya juyo daga bangon. Ya tambaya can baya ta ce yana zama? Ta ce haka aka rubuta. Sai ya ce shi ya sa mai agogon nan ke jiran wasiƙa, ashe. Gajeren nan mai tumbi da tabarau ya zo ya tsaya masa a ido, ba tiyo ba fensir, sai akwati ɗaya a hannu, yana waige ko ya rufe ƙofa.

Lubna ba ta jira ya gama tunani ba, ta buɗe littafi na ɗaya. Haruffan ta san su duka, nata ne, da su ta yi makaranta, amma kalmomin ba su ce mata komai a ido. Sai ta fara furta su da ƙarfi, gaɓa gaɓa, kamar mai biya allo. Da suka fito daga bakinta suka shiga kunnenta, sai ta ji Hausa ce, irin ta kakarta Barakatu. Ta tsaya, ta koma farko.

"Ana ganin ruwa," ta karanta. "Ana ganin ƙofa a kan ruwa. Sannan a ga ashe mutum ne ya ɗauko ta."

Ya gyara mata wasali biyu, ya ce ba haka ake jan ruwa ba, wace irin amarya ce wannan. Ta ci gaba. Hasken hantsi ya faɗo a bangon ɗakin, farin da idonsa ke iya gani ke nan, kuma a kansa ya ga kogin Mai Wurno ya buɗe, ya ga mai ƙofar na gangarowa, ƙafarsa duk taɓo. Har kwaramniyar majigi sai da ya ji, ko da yake na'urar sanyaya ɗaki ce. Hawaye na bin gemunsa bai share ba. Da ta kai ƙarshen shafi na tara ta tambaye shi ko mutumin zai samu bangon, ya ce mata ba a tambayar ƙarshen fim.

Kafin azahar ta ɗauko kwamfutarta, ta ce duk abin da ta karanta za ta riƙa bugawa, don takardun sun fara cinyewa a gefe. Ta buɗe shafin farko, ta ce nan ake sa sunan marubuci, wanne za ta sa? Ya ce Usuman Majari mana, wane suna gare shi bayan wannan. Ta buga Usuman, yatsanta ya tsaya a sama.

"Da alif, Sidi, ko babu?"

Ya daɗe yana shafa tafin hannunsa, inda kantar tiyo ba ta gama bajewa ba har yau.

"Shi ya rubuta ashirin da uku babu alif," ya ce. "Ni ɗaya na rubuta, kuma a kan sitiyarin wayit na rubuta shi. Sa masa alif ɗinsa."

Ta sa. Ya ce yalla ta koma karatu, sun bar mutum tsaye a bakin ruwa da ƙofa a ka.